Tsamin Ottilie, Wutar Maƙwabta

A ƙauyen Espenrod, cikin tuddan Hessen, babu wanda ya taɓa cewa Ottilie Dippel muguwa ce. Ba ta sata, ba ta fashin coci, ƙofar gidanta kullum a share. Abin da dai ake faɗa shi ne, in ta kalli burodinka sau ɗaya, to ranar da ƙyar zai wuce maka maƙogwaro. Tana da wani salo na ɗaukar burodin mutane. Sai ta juya shi, ta ƙwanƙwasa gindinsa da bayan yatsa, ta kara kunne kamar mai jiran a ce mata ta shigo, sannan ta ajiye, ta goge hannunta a gaban riga. Goge hannun nan shi ne hukuncin, kuma ba a ɗaukaka ƙara.

Abin da take taƙama da shi a duniya guda ɗaya ne. Kowace shekara in an gama girbi, ranar Lahadin godiya, akan ɗora ƙaton burodi ɗaya a kan bagaden coci, tsakanin damman hatsi da kabewa da tuffa. Matar fasto ce ke zuwa ɗakin gashi ranar Asabar ta zaɓi wanda ya fi kyau. Tun Ottilie na goyon fari har furfura ta cinye mata kai, ba a taɓa ɗora na wata ba. 'Ya'yanta sun girma sun tafi birni, ba sa zuwa sai Kirsimeti. Mijinta Jost kuwa mutum ne da zai yi mako bai haɗa magana biyu ba. Saboda haka burodin nan na kan bagade shi ne ɗanta da bai gudu ba, shi ne kuma hirarta ta shekara.

In ka tambaye ta sirrin, ba ta ɓoyewa. Sai ta nuna maka wata tukunyar ƙasa mai murfin katako da ke kan kanta kusa da murhu. A ciki tsaminta yake, wato ragowar kwaɓin baya da ake ajiyewa don ya tayar da na gaba. Kowane gida na da irinsa, domin garin hatsin rai, baƙin hatsin da ƙasar duwatsun nan ke yarda ta ba mu, ba ya zama burodi sai da tsami. Amma nata, in ji ta, ba irin na kowa ba ne. Kakar kakarta ce ta zo da shi a ƙunshe cikin gefen zane ranar da aka kawo ta aure daga bayan dutse. Labarin kan ƙara tsawo kowace shekara. Akwai shekarar da sojoji suka shigo cikinsa, akwai shekarar da aka ƙara masa gobara.

Da rani, in zafi ya yi, tsamin wasu gidajen kan yi fumfuna ko ya mutu, dole a fita aro. Ottilie ba ta taɓa hana kowa ba, wannan kam a ba ta. Sai dai kafin ta ɗiba, za ta sa ki miƙo hannu ta duba farcenki, ta tambaye ki yaushe rabon ki wanke akushin kwaɓinki da kuma da me kika wanke shi, ko me kika amsa kuskure ne. Daga nan ta ɗibo cokali guda ta zuba miki a kofi, fuskarta kamar ta mai ba da sadakar da ta san ba za a gode ba. Mata kan fito daga gidan da tsami a hannu, da wani tsamin a rai.

Ɗakin gashi na gari ne, yana tsallaken titi daura da ƙofarta, shi ya sa mabuɗinsa da jakar ƙuri'a ke wurinta. Duk mai son gashi gobe, sai ta zo yau in ƙararrawar tsakar rana ta kaɗa, ta sa hannu a jaka ta zaro ɗan katako mai lamba. Kowa ya san ba a son lamba ɗaya. Mai lamba ɗaya ita ke tarar da tanderu a sanyaye, ita za ta ƙona dami a kan dami har duwatsun rufin su cinye baƙin hayaƙinsu su yi fari. Ba ta kuma san yaushe za su yi farin ba, ya danganta da danshin itace da iskar ranar da daɗewar da tanderun ya yi ba a hura shi ba. Mai lamba biyu kuwa ta zo a sa'a. Zafi ya riga ya ratsa dutse har ƙashi, 'yan ƙirare kaɗan za ta watsa, ta kuma san lokacinta daidai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A tsawon rayuwarta ta aure, sau nawa Ottilie ta zaro lamba ɗaya, Allah kaɗai ya sani, domin jaka ba ta san fuskar kowa ba. Amma babu mai rai da zai ce ya taɓa ganin ta hura tanderu mai sanyi. Da ta ga lambar, sai ta ɗaga kai ta bi matan da kallo har idonta ya sauka kan wadda ta fi kowa sabunta a aure. Sai ta miƙa mata katakon, ta buɗe ɗaya hannun tana jira.

“Ke yarinya ce, bayanki bai san ciwo ba tukuna. Kawo nan.”

Yarinyar kan tuna da rani, ta tuna da kofi, ta ce, “To, Goggo Ottilie,” ta miƙa. Ottilie ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙwace ba. A ganinta tsari ne na duniya: akwai masu hura wuta, akwai masu yin burodi. Ba ta kuma taɓa kawo wa ranta cewa akwai wata alaƙa tsakanin itacen yaran nan da burodinta da ke kan bagade ba.

Bayan yaƙi, da aka koro mutanen gabas daga garuruwansu, hukuma ta raba su gida-gida. Cikin waɗanda suka faɗo Espenrod akwai wata gwauruwa daga Silesiya, Luzie Kaluza, gajera, mai faɗin kafaɗa, da jaka ɗaya a baya. Ta rasa gida, ta rasa miji, amma bakinta ya iso lafiya. Kafin yaƙi ta yi shekaru tana aiki a masana'antar yis, abin kumbura burodi, tana ɗibo samfuri daga manyan tankuna tana kai wa ɗakin gwaji. A ƙauyen nan kowa da sunan yanka ake kiransa, amma Ottilie tun ranar farko ta kira ta Frau Kaluza, wato Uwargida Kaluza, haka kuma ta ci gaba da kiranta shekara da shekaru, don kada matar ta manta cewa baƙuwa ce. Luzie ta gane karatun, ita ma ta riƙe Frau Dippel ba ta saki ba.

Luzie ma ta zo da kofinta, tun da ba ta da tsami. Ta miƙa hannu aka duba farce, ta saurari labarin kakar kaka har da sojoji. Da aka kai ƙarshe, maimakon ta jinjina kai yadda aka saba, sai ta leƙa tukunyar ta yi dariya.

“Frau Dippel, abin da ke cikin nan ai bai girmi 'yan tsakin bana ba. Halittu ne ƙanana, ido ba ya ganinsu. Ni na gan su a madubin ɗakin gwaji, kamar ƙwan kifi, kowanne da ɗansa na tsirowa a gefe. Wanda aka haifa da safe, kafin yamma ya ga jikokinsa. Kakarki ba ta bar miki ko ɗaya ba. Daga garin mai niƙa suke zuwa, garin da ni ma nake ci.”

“Wato ƙwari nake ciyar da iyalina.”

“Ba ƙwari ba ne. Amma in gaskiya kike so, tusarsu ce ke tayar miki da burodi.”

Ottilie ta karɓe kofin, ta juye tsamin a tukunya, ta mayar mata da shi wayam.

A gaskiya Luzie ta ɗan wuce gona da iri, domin zuriyar irin waɗannan halittu na iya daɗewa a tukunya ɗaya muddin ana ciyar da ita. Amma a kan babban zancen, ita ce da gaskiya. Yis abu ne mai rai. Yana cin ɗan zaƙin da ke fita daga gari in ya jiƙa, ya fitar da iska da ɗan barasa, iskar ta maƙale a cikin kwaɓi ta kumbura shi. Tare da shi a cikin tsami akwai wasu ƙananan halittun da aikinsu kawo ɗanɗanon tsamin, wanda in babu shi cikin burodin hatsin rai sai ya yi danƙo kamar laka. Dukansu suna son ɗumi. In sun samu ɗumi sai su yi ta ci ba ƙaƙƙautawa, in sun ji sanyi sai su lafa. Kuma ba sa jiran kowa. Akwai ɗan lokacin da kwaɓi ke kaiwa maƙurar tashinsa, in ya shiga wuta a lokacin, sai burodi ya fito da tsayi da ƙamshi. In an wuce lokacin, abincinsu ya ƙare, jikin kwaɓin ya saki, iskar ta tsere, sai ya zauna. Wadda ta san lokacin da tanderu zai karɓe ta, ita ke iya haɗa lokutan biyu. Ottilie ta iya kwaɓi, babu mai musun wannan, amma rabin gwanintarta sanin lokaci ne, sanin lokacin kuwa lamba biyu ke ba da shi.

Luzie ta koma ɗakinta na saman maƙera, ta dama gari da ruwa a kwalba, ta ajiye bakin taga tana ƙara masa gari kullum. Kafin wani gashin ya zagayo, kwalbar ta fara kumfa tana ƙamshin tuffa mai tsami. Ta nuna wa matar maƙeri, matar maƙeri ta nuna wa ƙanwarta. Ta kuma koya musu ƙara ɗan gutsuren yis na kanti, wanda ake sayarwa a naɗe cikin takarda, in ana son kwaɓi ya yi sauri. Ottilie ta ce wannan ba burodi ba ne, soso ne, kuma duk gidan da ke cin sa za a gani a ƙafafun 'ya'yansu. Ba a ga komai ba. Abin da aka gani shi ne, rani ya zo ya wuce, kofuna ƙalilan ne suka tsallaka titi.

Duk da haka ba ta rasa mai hura mata wuta ba, domin kowace shekara ana kawo sabuwar amarya, tsoro kuma gadonsa ake yi ko bayan dalilinsa ya mutu. Luzie kaɗai ce ba a taɓa miƙa wa katako ba. Sau ɗaya idon Ottilie ya tsaya a kanta, Luzie ta sa lambarta a aljihu ta ce ita ma bayanta ya san ciwo, ya ɗauko jaka tun daga Silesiya.

Shekaru suka tura. Motar burodi ta fara shigowa daga birni tana busa ƙaho a bakin rijiya. Gidaje suka sayi murhun lantarki. Matasan mata suka samu aiki a masaƙa, ba su da ranar ɓatawa a gaban tanderu. Ɗaya bayan ɗaya suka daina zuwa ƙuri'a, kowacce da uzurinta, wannan ƙugu, waccan hayaƙi na sa ta tari. Luzie ma ta koma gasa nata a gida. Ottilie ta bi kowacce da tsaki. Ta ce ragwaye ne, gara da suka tafi, dama cunkoso suke yi. Har aka wayi gari saura mutum ɗaya, Irmtraud, matar ɗan wanta, mace mai haƙuri kamar jakin niƙa. Su biyu suke ƙuri'a, ko me jaka ta ce, Irmtraud ce ke hura wuta.

Ita ma haƙurin nata ya ƙare ana saura 'yan makonni Lahadin godiya. Mahaifiyarta ta zo mata baƙunta daga wani gari, ta biyo ta ɗakin gashi don ta ga aikin 'yarta. A gaban mahaifiyar, Ottilie ta ɗauki burodin Irmtraud, ta juya, ta ƙwanƙwasa, ta saurara, ta ajiye, ta goge hannu. Irmtraud ta kwashe burodinta a kwando, washegari aka gan ta a bakin rijiya tana jiran mota.

A makon ne kuma matar sabon fasto, wata 'yar birni mai fara'a da ba ta san tarihin kowa ba, ta tare Ottilie a hanya. Ta ce mai motar burodi ya yi alkawarin kawo ƙato mai zanen zangarniya a kai, kyauta, in har ba a samu na gari mai kyau ba bana. Ta faɗa ne da niyyar sauƙaƙa wa tsohuwa aiki. Ottilie ta dube ta daga takalmi har hula, ta ce za a samu.

Ta yanke shawarar gwadawa ita kaɗai, ai ba wani abu ba ne hura wuta, tun da yara ma sun iya. Jost ya turo mata itace a baro. Ta yi kwaɓi a lokacin da ta saba, ta lulluɓe shi, ta tsallaka ta kunna wuta. Duwatsu suka ƙi yin fari. Kafin su yi, kwaɓi ya gaji da jira. Abin da ta fitar ranar, ko ita ba ta ƙwanƙwasa shi ba. Ta zagaya ta bayan gida da shi a rufe, aladu suka yi biki. Ta ce garin bana ne, mai niƙa ya fara algus. Ta ce itacen ɗanye ne. Jost yana zaune yana gyaran igiyar takalmi, ya bari ta gama, sannan ya yi maganarsa ta mako.

“Tanderun nan ba ya ƙaunar wanda ya tashe shi daga barci. Sai an riga ki.”

Ba ta ji daɗin maganar ba, amma ta ɗauke ta yadda ta yi mata daidai: ana bukatar mai hura wuta, kamar yadda ake bukatar mai share coci. Ta ɗaura kallabi ta shiga gari. Ba roƙo ta je yi ba, sanarwa ta kai, cewa ranar Asabar, jajibirin Lahadin godiya, za a yi gashi, ana neman wadda za ta fara. Matar maƙeri ta ce ƙugunta. Wata ta ce surukarta ba lafiya. Irmtraud ta leƙo ta taga ta ce, “Goggo, ai hannuna bai iya ba, ke ma kin sani,” ta ja labule. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ga shi duk hannuwan garin ta bi su ta mare su ɗaya bayan ɗaya.

Ƙofar ƙarshe ita ce ta Luzie. Ta same ta a lambu tana haƙar dankali. Ottilie ta tsaya a bakin shinge, ta yi maganar ruwan sama, ta yi maganar dankalin da ta ce ƙanana ne bana, sannan ta ce ta lura Frau Kaluza ta daɗe ba ta yi gashi a tanderun gari ba, alhali tana da haƙƙi kamar kowa.

Luzie ta dogara da fartanya. “Yau kuma ina da haƙƙi kamar kowa? Shekara nawa ina jiran wannan labari.”

“In kina so, ranar Asabar. Ki fara, in biyo.”

“Zan zo. Na yi kewar burodin dutse. Amma jaka za ta raba mu, Frau Dippel, kuma abin da hannun mutum ya zaro, shi ne nasa. Babu kawo nan.”

Ottilie ta so ta juya. Sai ta tuna ƙaton burodin mota mai zanen zangarniya zaune a kan bagade, ta kuma lissafa cewa katako biyu ne kawai a jaka, Allah kuwa ba zai fifita mai yis ɗin takarda a kan mai tsamin kakanni ba. Ta ce ta yarda.

Labari ya zagaya. Ranar Juma'a da ƙararrawar tsakar rana ta kaɗa, matan da ƙugu ya hana su gashi duk sun samu lafiyar tsayuwa a ƙofar ɗakin. Luzie ta ce babba ta fara. Ottilie ta sa hannu, ta daɗe tana lalube, ta zaro. Lamba ɗaya. Bisa sabo ta ɗaga kai ta bi fuskoki da kallo. Babu amarya ko ɗaya. Duk waɗanda ke tsaye sun taɓa zama amaren, yanzu kuwa sun yi jiki, sun harɗe hannuwa, suna kallonta kamar masu kallon wasa.

Da taron ya watse, Luzie ta biyo ta har tsakiyar titi. Ko tausayi ne, ko son a ce ta faɗa ne, ba a sani ba.

“Kada ki yi kwaɓi da wuri gobe. In kuma kin yi, ki sauke shi ɗakin ƙasa har duwatsu su fara fari. Sanyi ba ya kashe su, barci kawai yake sa su. In kin tashi sai ki tashe su.”

“A gidanmu ba a kai burodi wurin dankali,” in ji Ottilie. “Tsami ɗan ɗumi ne. Ku can masana'anta ku yi ta sa ƙwarinku barci.”

Asabar ta zo da yayyafi. Ottilie ta yi kwaɓinta a lokacin da uwarta ke yi, ta shafe bayansa da ruwa, ta zana masa gicciye da gefen hannu, ta jawo akushin kusa da murhu, ta ɗauko bargon gashin agwagwa daga kan gado ta lulluɓe shi ruf, yadda kowace macen kirki ke yi a Espenrod tun kafin a haife ta. A ƙarƙashin bargon nan, halittun da ba ta yarda da su ba suka samu abin da suke so, suka hau ci.

Itace ya sha danshi. Wuta ta kama da ƙyar, hayaƙi ya cika ɗakin ya fito da ita tana hawaye. Ta koma ta ƙara dami. Ta tsallaka gida ta ɗaga bargo, kwaɓi ya taso gwanin sha'awa, ta yanka shi ta mulmula ta jera a kwanduna, babban na bagade a tsakiya, ta sake rufewa. Ta tsallako, duwatsu baƙi ƙirin. Ta ƙara dami. Ta koma, burodin sun cika kwanduna, bayansu ya fara tsagewa, daidai lokacin da ta saba ɗauka ke nan. Ta tsallako, rufin tanderu ya fara fari daga tsakiya kawai. Haka ta yi ta safa da marwa a kan titin, tsohuwa da jiƙaƙƙen kallabi da toka a gira, labulayen gari na motsi. Ko a lokacin, da ta kwashe kwandunan ta sauke su ƙasa, da wataƙila an tsira da wani abu. Ta tsaya a bakin matakalar ɗakin ƙasa, ta ji sanyin da ke tasowa da warin dankali, ta tuna wadda ta ba da shawarar, ta mayar da ƙofar ta rufe. Ta ma ƙara gyara bargon.

Sa'ad da duwatsu suka yi fari, ta kwashe garwashi ta goge daɓen tanderu da jiƙaƙƙen tsumma, ɗakinta ya riga ya cika da warin barasa. Ta kife babban kwandon a kan allon sakawa, kwaɓin ya yi ajiyar zuciya ya baje. Ta tura shi haka nan. Wutar farko ta yi halinta: sama ta ƙone, ƙasa ba ta ji ba. Abin da ya fito faifai ne baƙi, ɓawonsa ya rabu da cikinsa har kana iya sa hannu a tsakani.

Luzie ta iso da 'yan ƙirare a hammata. Ta watsa su, suka ci suka mutu, ta share. Kwandunanta sun kwana a sanyi, ta fito da su tun da ta ga hayaƙin bututu ya sauya launi. Ta danna ɗaya da yatsa, ta ga gurbin ya ciko a hankali, ta ce wa burodin, ba wa kowa ba, “Yawwa, kun farka.” Ta saka, ta rufe ƙofa, ta zauna a dakali tana cin tuffa. Da matar fasto ta zo da yamma da farin mayafin ɗauka, ba ta sha wahalar zaɓe ba. Ta yi wa Ottilie sannu da aiki, da zuciya ɗaya, wanda ya fi zagi ciwo.

An yi zaton Ottilie ba za ta zo coci ba. Ta zo, da baƙar rigarta ta bukukuwa, ta zauna a wurinta na kullum. Burodin Luzie na kan bagade, dogo, ja, yana sheƙi. Ta kafa masa ido tun daga waƙar farko har addu'ar rufewa, bakinta na motsi, ba kuma waƙar take bi ba. Wani abu take warwarewa a ranta, kuma kafin a tashi ta warware shi.

A kan matakalar coci mata suka kewaye Luzie suna yaba mata. Ottilie ta ratsa su ta tsaya a tsakiya. Wasu har sun fara tunanin yau za a ji abin da ba a taɓa ji ba.

“Kuna ta yabon kwaɓi,” ta ce. “Wa ya ciyar da duwatsun? Ni. Itacena ne ya gasa shi, hayaƙin a idona ya ƙare. Ta zo ta tarar da tanderu kamar gadon da aka ɗumama mata. Ai ko akuya ce ta yi kwaɓi, in ta samu lamba biyu, sai burodinta ya hau bagade.”

Matar maƙeri ta dubi Irmtraud, Irmtraud ta dubi ƙasa tana cije leɓe, wata daga baya ta saki dariya ta mayar da ita tari. Ottilie ta ɗauki shirun a matsayin an rasa abin cewa. Ta gyara kallabi, ta kira Jost, ta sauka matakala da kai a sama, tana gaya masa a hanya cewa mutanen garin nan ba su taɓa sanin darajar mai hura wuta ba.